Kafin Ka Sayar da Gidan Sabon Birni

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Isa, ranar Talata.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Isa sai godiyar Allah. Na ji an tabbatar maka da canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, kuma Asabar za ka kama hanya. Allah Ya sa alheri ne ya kira ka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kau da idon mugu daga motar da za ka shiga, domin ka san yadda hanyar nan ta zama a 'yan shekarun nan.

Ka san ni ba mai yawan magana ba ne, kuma kai ɗan fari ne. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba tun da aka raɗa maka shi. Abin da ke cikin takardar nan, da a zaure muke zaune ni da kai, da ko rabinsa ban iya furtawa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka karanta a natse, kada ka ba ni amsa a ranar da ka karanta.

Shekaranjiya wani dillali ya yi mini sallama, da takarda a hannunsa. Ya ce, "Malam, ciniki ya faɗa. Wani Alhaji na, mai kai kaya Nijar, ya ga gidan Magaji na Sabon Birni ya yaba. Sa hannunka kaɗai ya rage, kai ka zama shaida."

Na tambaye shi, Luba fa, matar da ka saka, wadda har yanzu take zaune a gidan?

Ya ce, "Ai idda ta cika tun watan jiya. Mi ya rage mata cikin gidan mutane? Ta kwashe komatsanta ta tahi gidansu."

Na ce, Saratu fa, 'yarku, amaryata da bana take shekara biyar?

Ya ce, "Magaji ya ce in ana son shi ci da ita, a kawo mai ɗiyatai. In uwar ta riƙe, to ta ci da abinta."

Na sa aka kawo masa ruwa ya sha, na mayar masa da takardarsa yadda ya kawo ta.

Ba za ni tambaye ka abin da ya raba ka da Luba ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma wanda nasa auren ya mutu ba shi da bakin tuhumar wani. Maganata a kan abin da ke biyo bayan saki ce, domin a nan na yi ɓarnar da ta fi sakin kansa muni. Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko: shagon da ke bakin ƙofar gidan nan, inda Luba take ɗinki, da ɗakin da ke bayansa, da kuɗin gonar da ta gada aka gina su. Ba ji na yi ba. A gabana aka sauke bulon.

Ka san kangon da ke gefen gabas a gidana na nan Isa. Kana yaro ka sha tambayata me ya rushe shi, ina ce maka ruwa ne. Ban yi maka ƙarya ba, amma ban gaya maka gaskiya ba. Yau za ni gaya maka.

Da na gama jami'a aka turo ni nan malamin gona, na sayi filin, na ɗora ɗakuna biyu da tubali, ƙarfina ya ƙare kafin a kai ga rufi. Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, tana da ɗan maraƙi da ta zo da shi daga garinsu Turba. Ta turke shi a bayan gida shekara biyu, tana ba shi dusa da harawa da ruwan tsari, har ya zama sa mai tozo, wanda masu wucewa suke leƙowa ta kan danga su kalla. Kawunka Bawa, yayanta, shi ya ja shi zuwa kasuwar Bafarawa ya sayar. Da kuɗin aka sayi kwano da katako da ƙusa. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba. Wace mace ce take sa mijinta ya rubuta mata takarda a kan ɗakin da za su kwana a ciki?

Kana shekara shida auren ya mutu. Mai unguwa ya tara mu a zaurensa don a yi sulhu a rabu lafiya. Bawa ne ya yi magana a madadin ƙanwarsa, kuma da ladabi ya fara.

Ya ce, "Malam, ba faɗa munka zo ba. Gida naka na, ba mu ja ba. Amma ruhin ga na ƙanwata na, santa anka kai kasuwa. Ko ka ba ta ƙimar abinta, ko ka bar mata ɗaki guda ta zamna da yaron ga."

Na tashi na je gida na ɗauko takardar fili mai hatimi. Na karanta musu ita da Turanci daga farko har ƙarshe, sannan na fassara, alhali babu wanda ya roƙe ni. Da na gama na ce a nuna mini layin da aka rubuta sa.

Bawa ya yi dariya ya ce, "Malam, ai sa bai yi makaranta ba."

Mai unguwa ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, takardarka ta san ƙasa, ba ta san bisa ba. Duk unguwar ga mun ga san nan, wasunmu ma mun taya shi."

Na ce ni abin da ke rubuce na sani. Nan ran Bawa ya ɓaci. Ya ce, "To tunda babu mu cikin takarda, mu kwashe abinmu."

Na ce, "Ku kwance."

Kalmomi biyu ne, kuma na faɗe su ne ina zaton babu mai iya aikatawa. Washegari da hantsi sai ga shi da kafinta da amalanke. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ina zaune a gindin dogon yaro da rediyo a kunne. Mahaifiyarka ta zo ta tsaya nesa da ni kaɗan, ta ce, "Malam, ka hana su. Cikin ɗakin ga yaron nan ya koyi tafiya." Ita ma tsoro ya kama ta, don ba rushewa take so ba, a san da ita kawai take so. Da na ce mata, "Na san sanki ne," da Bawa ya sauko daga tsani. Sai na ƙara wa rediyo murya.

Ga abin da kowa ya samu. An kai kwanon Turba. Da aka tashi yin rufi da shi, ramukan tsofaffin ƙusoshi ba su dace da sabon katako ba, wasu fallayen kuma sun lanƙwashe wajen ɓamɓara. Duk inda aka kafa sai yoyo. A ƙarshe shingen awaki aka yi da shi. Ni kuma na ce za ni yi sabon rufi idan albashi ya shigo. Ruwa bai jira albashi ba. A ruwa na uku, da la'asar sakaliya, ina tsaye ina kallo bangon gabas ya jiƙe ya zauna, na biyun ya bi shi kafin sati. Sa ya tafi, rufi ya tafi, ɗakuna sun tafi. Takardar tana nan a akwatina, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Saboda haka, Magaji, ka ji wannan daga wanda ya biya kuɗin karatunsa: gidan da mutum biyu suka gina, yana tsaye ake raba shi, da baki da shaidu. Sunanka a takarda ba ya halatta maka guminta. Shari'ar Musulunci ba ta ba mace rabin gidan miji don kawai sun rabu ba, wannan na sani, kuma na san abokanka suna tuna maka da shi. Amma ba ta ba miji abin da mace ta gina da dukiyarta ba. Ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi. Kuma ka auna kalmar nan da dillali ya faɗa, wai ta tafi gidansu. Wane gidan? Ka fi ni sanin iyayen Luba sun baro ƙauyensu na wajen Burkusuma, suna maƙale a ɗakin aro a cikin gari, su da jikoki, kaya a baranda. A zamaninmu macen da aka saka tana da inda za ta koma. Luba ba ta da shi. Idan ka fitar da ita, 'yarka ka fitar.

Kuskurena na biyu ya fi na farko nauyi, domin na farko a cikin fushi na yi shi, wannan kuwa da natsuwa da lissafi.

Mahaifiyarka ta tafi da kai Turba, gidan kakarka Inna Tumba. Na yi wata huɗu ban aika da ko ƙwayar gero ba, ina faɗin abin da kake faɗi yau, kalma da kalma: a kawo mini ɗana in ci da shi. Bawa ya kai ƙara. Alƙali bai ja zaman ba. Ya ce riƙon ƙaramin yaro na uwa ne, ci da sha da tufafinsa kuwa a wuyan uba suke, ko a hannun wa yake. Bai yanka mini adadi ba. Ya ce in yi gwargwadon halina, ya dube ni ya ƙara da cewa, "Kai malami ne, ba sai an auna maka ba."

Ni kuwa sai na auna. Na koma ofis na buɗe littattafaina, na fitar da abin da yaro ɗan shekara shida yake bukata na hatsi a yini, na ninka shi zuwa wata. Akwai wani sikeli da muke auna irin shuka da shi kafin a raba wa manoma. A kansa nake auna geronka, in ya haura layi in ɗebe da cokali. Niyyata ita ce kada loma ɗaya ta gumina ta shiga bakin matar da ta kai ni gaban alƙali. A lokacin adalci nake kiran wannan.

Duk wata nakan miƙa wa Bawa 'yar jakar idan ya shigo kasuwa. Yakan ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Malam, wanga iri na ko abinci?" A wata na uku ya zo da wani abu ƙunshe a tsumma, ya ajiye mini a kan tebur a gaban abokan aikina. Na kwance. 'Yar tukunyar yumɓu ce, irin wadda yara mata suke ginawa su yi wasan girki, ba ta kai dunƙulen hannu ba.

Ya ce, "Inna ta ce a gaishe ka da boko. Ta ce ta dudduba gidanta kaf, ba ta samu tukunyar da ake dahwa ma yaro guda ba, sai wagga. Ka ɗora ta bisa sikelinka ka gani in ta yi. In ta yi, ta ce ka aiko da murhunta."

Mutanen ofis suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na ɗauki abin a matsayin raini, na jefa tukunyar a bayan littattafai, na ci gaba da awona.

Bayan wata biyar aiki ya kai ni Turba duba wata gonar gwaji. Da rana tsaka na biyo ta ƙofar gidan kakarka a kan babur, ban yi niyyar tsayawa ba, amma na tsaya. Ku shida na tarar a zaure kun kewaye akushi ɗaya, kai da 'ya'yan kawunnanka. Kai ne ƙarami, hannunka ne ya fi gajarta. Kafin ka kai loma ta uku an kai ƙasan akushi. Wuyanka ya yi tsawo, rigar da ke jikinka kuwa wadda na saya maka ce tun kuna Isa. Daga cikin gida ina jin sautin taɓarya. Mahaifiyarka ce take dakau, tana surfa geron mutane ana biyanta, don tukunyar gidan ta kai. Da aka gaya mata na zo, ta yafa mayafi ta fito da ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

A hanyar komowa na gane abin da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta sani, ni da digirina ban sani ba. A ƙasar nan babu gidan da ake ɗora wa yaro ɗaya tukunya. Geron da na auna maka cikin tukunyar gida ya shiga, aka raba shi da duk mai baki. Abin da na hana uwarka, daga cikinka aka cire shi. Da kaka ta yi na aika da buhu cikakke, ban sake taɓa sikelin nan don kai ba. Amma shekara guda ta riga ta wuce. Har yau in aka ajiye abinci kana ci da sauri, kana tare kwano da hannun hagu. Mutanen gida suna yi maka dariya a kan haka. Ni ban taɓa yi ba, domin na san inda ka koya, na kuma san wanda ya sa ka.

Don haka idan za ka ci da Saratu, ka ci da ita a inda take. Kada ka mai da abincinta igiyar jawo ta daga hannun uwarta. Ka aika da buhu, kada ka tambayi wa ya ci. Idan Luba ta ci, uwar 'yarka ce ta ci, ita ce mai tashi da ita idan zazzaɓi ya kama ta. Idan iyayen Luba sun ci, kakannin 'yarka ne. Makaranta, asibiti, kayan salla, kada ka jira a roƙe ka, kada kuma ka jira sammaci. Namijin da sai alƙali ya tuna masa da cikin 'yarsa, ko ya biya ya riga ya faɗi.

Akwai wani ƙaramin abu da ba ƙarami ba ne. Kana shekara tara mahaifiyarka da kanta ta sa Bawa ya kawo ka wurina saboda karatu. Babu alƙalin da ya tilasta mata. Ban taɓa yi mata godiya ba, kuma shekaru da yawa idan zancenta ya taso a gabanka "waccan matar" nake cewa. Nakan ga ka sunkuyar da kai, in yi kamar ban gani ba. Ta rasu ban ce mata na san santa ne ba. Na je gaisuwa Turba, na zauna a zauren nan, ta kan katanga ina hango shingen awaki. Kada bakinka ya saba da abin da Saratu za ta sunkuyar da kai idan ta ji.

Na san abin da za a ce maka, domin an ce mini. Za a ce gobe za ta yi aure, wani ƙato ya zo ya miƙe ƙafa a inuwar gininka. To, idan ɗakin nata ne, wanda ta ga dama ya shiga da aure; wannan ba hurumin tsohon miji ba ne. Idan ranar ta zo, maganar riƙon Saratu tana da nata hukuncin, kuma a lokacin za ka zauna a gaban mutane da fuskar uban da bai taɓa barin 'yarsa da yunwa ba. Babu shaidar da ta fi wannan.

Ga abin da nake so ka yi kafin Asabar. Ka kira mahaifin Luba da mai unguwarku da maginin da ya ɗora shagon. A zauna da rana, a faɗi abin da kowa ya sa, a rubuta cewa shagon da ɗakin bayansa nata ne. A wannan karon takarda ta yi aikin kirki. Sauran gidan naka ne: ka ba da haya, ko ka ja katanga ka fitar masa da ƙofarsa ka sayar, idan sayarwar ta zama dole. Alhajin ya rage kuɗi ko ya fasa, Allah Ya kawo wani. A kan irin wannan takardar za ni sa hannu da farin ciki. A kan wadda aka kawo mini shekaranjiya, ba za ni sa ba.

Kuma don kada ka ɗauka barazana nake yi, za ni gaya maka abin da na riga na yi. Na aika da san da nake turke da shi kasuwar Bafarawa, na kira magini ya duba kangon gabas. Kafin ruwa ya sauka ɗakunan nan biyu za su tsaya da rufinsu. Idan ka sayar da gidan gaba ɗaya, ba za ni yi maka baki ba. Za ni aika a ɗauko Luba da Saratu su zauna a nan, su ci daga rumbuna. Sai dai masu kawo mata ɗinki suna Sabon Birni, makarantar yarinyar ma tana can, kuma na fi so a ce ubanta ne ya rufa mata asiri, ba kakanta ba. Ina da yaƙinin haka za a ce. Na san zuciyarka. Taurin kan nawa ne, amma sauran na mahaifiyarka ne, kuma ita ba ta taɓa auna wa kowa abinci ba.

Mai kawo maka takardar nan zai ba ka wani ƙunshi. 'Yar tukunyar Inna Tumba ce. Shekara ashirin da takwas tana kan kantar littattafaina, ta koya mini abin da littattafan ba su koya mini ba. Kada ka ajiye ta. Ka kai wa Saratu da hannunka, a gidan, a gaban uwarta; dama don wasan yara aka gina ta. Idan ka zo yi mini sallama ranar Juma'a ba za ni tayar da zancen nan ba, kai ma kada ka tayar. Ranar da na je Sabon Birni amaryata ta tuƙa mini tuwon ƙasa a cikinta, a bakin shagon uwarta, na samu amsarka.

Ka kama hanya da hantsi, kada la'asar ta same ka a daji. Ka karanta addu'ar tafiya kafin mota ta tashi, kuma ka kira idan ka sauka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a abin da za ka samu. Allah Ya raya Saratu, Ya ba Luba mafita ta alheri, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ta yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ni ne,
Mahaifinka.